Muryar da Inna Sitati Ta Gane

Inna Sitati ba sunanta na yanka ba ne, amma a otal ɗin da take aiki ko manaja bai san ta da wani suna ba. Ta kama aiki a ɗakin wanki tun tana goyon ɗanta na fari, a cikinsa kuma furfura ta same ta. Ɗakin yana can ƙasan bene, bayan kicin, tagarsa ɗaya tal, ita ma can kusa da rufi. Manyan injinan wanki sun jeru a jikin bango, dogon teburin guga a tsakiya, tururi kuwa ba ya barin mutum ya bushe. Zanin gado in ya bi ta hannunta, sai ka rantse ba a taɓa kwanciya a kansa ba. Kwalar riga ta tsaya ƙyam. Ita ma haka take, ba ta lanƙwasa. Ba ta latti, ba ta gulma, ba ta kai kuka wurin kowa. Sababbin ma'aikata in sun ji takunta sai su gyara tsayuwa.

Mijinta ya rasu yaran suna ƙanana, da dutsen guga ta raine su. Manyan biyu aiki ya kai su nesa. Auta ce kaɗai ta rage a garin, tana auren wani mai gyaran lantarki, mutum mai sanyin magana wanda ba ya iya haɗa ido da surukarsa. Suna da 'ya ɗaya da aka sa wa sunan Inna, don haka Takwara take ce mata, shi kuma Baban Takwara.

Abin ya faro ne daga santsi. Wani inji ya yi yoyo, ruwan sabulu ya kwanta a ƙasa, Inna ta taho da kwandon tawul a gaba ba ta ga inda take takawa ba. Gwiwarta ta dama ta tafi. Aka yi mata aiki, aka sallame ta da ƙwayar kashe ciwo. Da wa'adin ƙwayar ya ƙare ciwon bai gama tafiya ba, sai ta nemo ta da kanta a wani shagon magani da ba ya yawan tambaya. A hankali ta lura ba gwiwa kaɗai ƙwayar take kwantarwa ba. Gidan nan da ya yi mata faɗi tun da Auta ta tare, shirun nan da ke tarar ta a bakin ƙofa in ta dawo aiki, duk sai su yi sauƙi. Tana sha da safe, ta koma sha da rana ma. Ta ɗinka wa rigar aikinta ƙaramin aljihu ta ciki. In ƙwayar ta kusa ƙarewa sai gumi ya keto mata, ƙafafunta su hana ta zama wuri ɗaya, ta yi ta faɗa da mutane a kan abin da bai kai ya kawo ba.

A ganinta masu shaye-shaye su ne samarin da ke zama bayan tasha da jajayen idanu. Ita magani take sha.

Ranar da abin ya fito fili, da rana tsaka ne. Abokiyar aikinta, wadda ake kira Mai Ninki, ta ji ƙauri, ta waiwaya. Inna tana tsaye, dutsen guga a kan farar rigar wani baƙo, hayaƙi na tashi, ita kuma idonta a buɗe amma ba ta nan. Mai Ninki ta zare wayar dutsen, ta zaunar da ita a kan buhun omo.

"Yaya, tun muna da ƙuruciya nake aiki da ke, ban taɓa ganin kin ƙona ko hankici ba. Me kike sha?"

"Me zan sha? Gajiya ce."

"Gajiya ba ta da aljihu a cikin riga."

Inna ta dube ta, ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai kuka ya riga faɗan fitowa. Mai Ninki ta rufe ƙofa, ta ƙara wa inji gudu don kada 'yan kicin su ji, sannan ta kira Auta.

Likitar da Auta ta kai ta wurinta yarinya ce, ba za ta girmi Auta ba, amma ba ta da kewaye-kewaye. Ta ce kada Inna ta kuskura ta yanke ƙwayar lokaci guda, za a riƙa rage mata a hankali a ƙarƙashin kulawar asibiti. Ta ce ban da gwiwa akwai damuwa, ita ma ciwo ce mai magani. Sannan ta ce, "Mama, magani zan iya ba ki, amma ba zan iya zama da ke ranar da zuciya ta ce ki koma shagon nan ba. Kina buƙatar mutanen da suka san abin daga ciki. Muna da zama a nan asibiti duk mako."

"Zama? In zauna a benci kowa ya wuce ya gan ni? 'Yar nan, ki bar ni da mutuncina."

"To akwai na waya. Ba wanda zai ga fuskarki."

Wannan ta yarda da shi, don tana ganin waya ba ta da ido.

Kafin likita ta haɗa ta da nasu, Mai Ninki ce ta fara jefa ta cikin wani zauren hira na waya da ta gani ana tallarsa. Jama'ar cikinsa sun fi na kasuwa. Wayar Inna ta wuni tana kuka a cikin jaka har ta yi zafi, data ta ƙare kafin a tashi aiki. Hotuna, barkwanci, gardamar ƙwallo, can tsakiya wani ya rubuta cewa ya gaji da rayuwa, kafin ka ce me saƙonni sun binne shi ba wanda ya tanka. Inna ta yi ta maza ta aika saƙon murya, ta tambaya ko akwai wanda ƙafafunsa ke hana shi zama wuri ɗaya in ya rage ƙwaya. Wani ya amsa, "Kai jama'a, har da kakanni a harkar!" Aka bi shi da dariya. Wani kuma ya biyo ta ta gefe yana tambaya ko tana son ya haɗa ta da mai kawowa har gida. Ta miƙa wa Mai Ninki wayar kamar ta ɗauko garwashi.

"Fitar da ni. Ki fitar da ni yanzu."

Na biyun ya fi tsabta a ido, shi ya sa ta daɗe a ciki. Mai zauren yana kiran kansa Dokta, yana da murya mai daɗi, kullum da safe sai ya yi nasiha. Sai dai kowace nasiha a kan kwalbarsa take sauka, wani haɗi da ya ce yana wanke jini cikin mako guda. Ya ce wa Inna ta zubar da na asibiti, wai guba ce aka canza wa riga. Ta fara tunanin ko ta gwada. Ana cikin haka wata mata ta faɗa a zauren cewa ta koma sha bayan ta daɗe da bari. Dokta ya sa muryarta a gaba, ya yi mata tas, ya ce irinta ne ke ɓata masa suna, ya cire ta kowa na gani. Inna ta ajiye wayar a kan teburin guga. Ita ma a makon nan ta je har ƙofar shagon maganin, ta tsaya, ta juyo. Da ta shiga fa?

Da ta koma asibiti ta kwashe duka ta faɗa wa likita. Likita ta riƙe baki, ta ce Allah ya taimaka ba ta zubar da maganin ba. Ta ba ta lambar wata tsohuwar nas da ta yi ritaya, wadda ke kula da wasu ƙananan zauruka tare da asibitin. Kowa Sista yake ce mata.

Wannan karon Inna ba ta shiga da ka ba. Ta zauna a kan kujerar roba a tsakar gidanta, ta kira Sista, ta juya ta ciki da bai kamar zanin da ake neman tabo a jikinsa.

"Me kike sayarwa?"

Sista ta yi dariya. "Ko tsinke. Wanda ya yi talla ma fita yake."

"In mutum ya faɗi fa? Ya koma sha?"

"Sai mu ce masa sannu, mu tambaye shi ya ci abinci, in kira likitansa in ya yarda. Ba don masu faɗuwa ba ai da ban buɗe ba."

"In wani ya ce ya gaji da duniya?"

"Wannan ba na barin sa ya kwana a waya. Kowa kafin ya shiga sai ya ba ni lambar mutum ɗaya nasa da zan iya kira. Kuma ki sani, Yaya, mu ba asibiti ba ne. Ba ma canza wa kowa magani."

"Lambata wa zai gani?"

"Ni kaɗai. Manhajar da muke amfani da ita laƙabi take nunawa. Ba suna, ba hoto, ba unguwa. Abin da aka faɗa a ciki kuma a ciki yake mutuwa."

Sai Inna ta ce, "Ke kin taɓa sha?"

"Ƙanena ne ya sha. Ban same shi da wuri ba."

A nan Inna ta ce a sa ta.

Mutanen zauren ba su da yawa, za su cika ƙaramin falo. Sabon shiga yana da damar ya yi ta saurare har sai ya ga dama ya yi magana, don haka Inna ta yi bakam. Da hutun rana takan koma bayan injin busarwa, ta sa abin ji a kunne. Akwai wani direba mai yawan ba'a da kansa, akwai wata malamar makaranta da ke magana kamar tana tsoron tada mai barci. Ba wanda ya yi wa wani wa'azi. Wani ya ce shi ma ƙafafunsa sun yi masa irin abin da na Inna ke yi mata, ruwan ɗumi da ɗan tattaki sun taimake shi, kuma abin yana wucewa. Inna ta saki ajiyar zuciya, har Mai Ninki ta leƙo ta ga ko lafiya.

Sai ranar da wani mai laƙabin Fiyus ya aiko saƙo. Kafin ya fara magana ya yi gyaran murya sau biyu, ƙasa-ƙasa. Inna ta ƙara manna abin jin a kunne. Ta san wannan gyaran muryar, a bakin ƙofarta ake yin sa kafin a yi sallama. Ta ce wa kanta masu gyaran murya ai suna da yawa a duniya.

Fiyus ya ce yau ya hau sandar wuta karo na farko tun ranar da abokin aikinsa ya mutu a kan irinta, yana ƙasa yana riƙe masa tsani. Ya ce tun daga ranar barci ya ƙaurace masa, ya fara da ƙwayar barci ɗaya, ya wayi gari ba ya iya komai sai da ita. Yanzu ya yi watanni bai taɓa ba. Matarsa ta sani, ita ta riƙe shi. "Wadda nake tsoro surukata ce," in ji shi. "Matar nan ƙarfe ce. Ba ta taɓa kuskure ba a rayuwarta. Ranar da ta ji, a ranar za ta zo ta tafi da 'yarta. Shi ya sa na daina zuwa gaishe ta, ba na iya..." Sai wata ƙaramar murya ta kutso daga bayansa: "Abba, Abba, ka ga takalmina ya cire!"

Takwara ce.

Inna ta zare abin jin daga kunne. Watannin nan duk ta ƙullaci mutumin nan. Ta ga ya daina zuwa, ta ga Auta ta rame, ta yanke hukunci a ranta cewa wulaƙanci ne ya fara, har tana shirya maganar da za ta faɗa masa in ta samu ƙarfi. Ashe yaron nan a cikin ruwa yake, irin ruwan da take ciki. Ashe kuma Auta kaya biyu take ɗauke da su, na uwa da na miji, ba ta faɗa wa ɗaya na ɗaya ba.

Ta fita bayan otal inda ake shanya, ta kira Sista.

"Na gane wata murya."

"Kada ki faɗa mini ko ta wa ce," in ji Sista da sauri. "Ni ma ba zan ce miki e ko a'a ba. Na jiki ne?"

"Na jiki ƙwarai. Kuma ya riga ni zuwa. In ya san ina ji, bakinsa zai mutu."

"To me kike so a yi?"

"Wurinsa ne. Ki cire ni. Amma Sista, kada ki jefar da ni, don na fara jin daɗinku."

Sista ta ce tana da wani zauren na mata zalla, yawancinsu manya, waɗanda ciwon baya ko na gwiwa ko rashin barci ya kai su ga ƙwaya. A ranar ta mayar da ita can. Ta kuma ce, "Abin da kika ji ba naki ba ne, Yaya. Naki kaɗai kike da ikon faɗa."

Maganar nan ta zauna wa Inna. Ta yi kwanaki tana juya ta. In ta yi shiru, yaron zai ci gaba da tsoron wata mata da babu ita. In ta yi magana, wataƙila kunya ta kore shi daga inda yake samun sauƙi. A sabon zauren ne ta fara buɗe baki, ba ta ambaci kowa ba, ta dai ce akwai wanda yake mata kallon tsarkakakkiya kuma abin yana cutar da shi. Wata mai laƙabin Kakar Biyu ta ce, "To ki sauko daga kan kujerar mana, 'yar'uwa. Mu da muka sauko ga mu nan, ba mu mutu ba."

Ranar hutunta ta aika wa Auta cewa soket ɗin ɗakinta yana tartsatsi, a turo mata Baban Takwara. Soket ɗin kuwa da gaske ya daɗe yana yi, ba ta dai damu ba ne. Ya zo da hantsi da jakar kayan aikinsa, ya durƙusa ya gaishe ta idonsa a ƙasa, ya kashe wutar gidan, ya tsuguna gaban bango ya ba ta baya. Inna ta zauna a bakin gado.

"Baban Takwara, zan yi magana. Kada ka juyo, ci gaba da aikinka."

"To, Inna."

Ta faɗa masa. Santsin, gwiwar, shagon maganin, aljihun cikin riga, ƙafafun da ke hana ta zama, rigar baƙon da ta ƙone. Ba ta rage komai ba. Hannunsa ya tsaya a kan sukurdireba, amma bai juyo ba.

"Saura ɗaya," in ji ta. "Neman inda zan samu masu irin ciwona ya kai ni wani zaure. Na ji saƙo ɗaya da bai kamata in ji ba. A ranar na fita, ba zan kuma koma ba. Ban faɗa wa kowa ba, ko Auta. Wurinka ne, ka riƙe shi da kyau, mutanen kirki ne."

Sukurdireban ya faɗi ƙasa. Kafaɗunsa suka fara rawa.

"Inna... duka kika ji?"

"Na ji an ce ni ƙarfe ce."

Wani abu ya kufce masa, rabi kuka rabi dariya. Ya dafa bango da goshinsa. "Ki yafe mini, Inna. Wallahi na ɗauka..."

"Na san abin da ka ɗauka. 'Yata tana inda nake so ta zauna. Mutumin da ya sake hawa sandar nan bayan abin da ya gani, ni ba ni da abin da zan koya masa. Share fuskarka ka gama mini soket, kada ka haɗa mini wuta ba daidai ba ka ƙarasa ni."

Ya gama, ya kunna wuta, ya gwada da fitilar gwajinsa har sau ba adadi, don dai kada ya tashi ya fuskance ta. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗago ya dube ta. Ita dai ba ta tuna ranar da ta taɓa ganin ƙwayar idonsa ba sai ranar.

"Ƙafafun suna damun ki har yanzu?"

"Sun yi sauƙi."

"Za su daina. Nawa ma sun daina."

Da yamma sai ga Auta afujajan, mayafi a karkace, Takwara a hannu. Mijin ya faɗa mata. Ta tsaya a tsakar gida tana kallon uwarta, sai kawai ta zauna daɓas a kan tabarma.

"Ku biyun nan kun kusa kashe ni," in ji ta. "In zo nan in ce yana lafiya aiki ne ya yi masa yawa, in koma can in ce kina lafiya gwiwa ce kawai. Har na fara mantawa wace ƙaryar ce ta wane gida."

"Sannu, Auta. Allah ya yi miki albarka."

"Amin. Amma ni ma a nemo mini nawa zauren. Babu na waɗanda aka bari da jinya?"

Inna ta ce za ta tambayi Sista, kuma da ta tambaya aka ce akwai, na iyalai. Auta ba ta jira jin amsar ba a ranar. Tana cikin magana ta zame ta kwanta, ta ɗora kai a kan cinyar uwarta, ta ƙafar mai lafiya, barci ya ɗauke ta tun rana ba ta faɗi ba. Inna ta yafito Takwara da hannu, ta sa yatsa a baki alamar a yi shiru.

Har yanzu Inna tana zuwa asibiti, an kusa gama rage mata maganin. Akwai ranakun da ba su da daɗi, ba ta ɓoye su. A zaurensu na mata an san ta da gajeren saƙo da kuma tambayar duk wadda aka kwana biyu ba a ji ba. Kwanan baya wata sabuwa ta shigo, ta yi mako ba ta ce uffan ba, sannan ta aiko saƙon da ba komai a cikinsa sai numfashi da shessheƙa. Inna tana bayan injin busarwa lokacin. Ta danna, ta kai wayar bakinta.

"Mun ji ki, ƙanwata. Ba sai kin yi magana yau ba. Kin ci wani abu kuwa?"